DATSE RAFI DA KANKARE: A YI LISSAFI KAFIN A ƊAUKI SHEBUR

Duk shekara da zarar damina ta ɗauke, rafuka sun ƙafe, rijiyoyi sun fara ja da baya, sai maganar madatsar ruwa ta taso a majalisun samari. Wani zai tuna irin ruwan da ya wuce ta rafin garinsu a watan Agusta, har ya hana mutane ƙetarawa kasuwa, sa'annan ya dubi yadda a watan Maris mata da yara ke tona yashi a cikin wannan rafin suna kwalfar ruwa da ƙoƙo. Daga nan sai a ce ai abin ba wuya, ga majiya ƙarfi, ga birkiloli a cikin 'yan'uwa, a yi karo-karo a sayi siminti, a yi gayya a ja bango a tare ruwan, a yi noman rani, dabbobi su sha, a huta da tafiya ci-rani.

Ko shakka babu niyyar mai kyau ce, kuma saurayin da ke kwana da tunanin yadda zai samar wa jama'arsa ruwa ya fi mai zaman kashe wando nesa ba kusa ba. Sai dai shi ruwa bai san niyya ba. Bangon da aka gina da kyakkyawar zuciya da wanda aka gina da ha'inci, idan lissafinsu bai cika ba, rana ɗaya za su faɗi, kuma a kan mutane iri ɗaya.

Tambayar da samari suka fi yi ita ce: buhun siminti nawa aikin zai ci? Wannan tambaya ce da ake amsa ta da biro da takarda cikin kwata ɗaya na awa, kuma wajibi ne a amsa ta kafin a karɓi sisin kwabo daga hannun kowa. To amma bayanta akwai wasu tambayoyi huɗu da suka fi ta nauyi, waɗanda idan ba a amsa su ba, siminti ko ya kai tirela goma asara ce.

NAUYIN RUWA

Da farko mai karatu ya riƙe awo guda ɗaya. A ɗauki akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Cikinsa shi magina ke kira kubik ɗaya. Idan aka cika shi da ruwa zai ci lita 1,000, wato duro biyar masu lita 200, nauyinsa kuwa tan ɗaya, daidai da buhun siminti 20. Idan aka cika shi da kankare, nauyin zai kai wajen tan 2.4.

Ruwan da aka tare yana tura bango, kuma ƙarfin turin ya dogara ne ga zurfin ruwan kawai. Hanyar lissafinsa mai sauƙi ce: a ninka zurfin da kansa, a raba biyu, abin da ya fito shi ne yawan tan da ke tura kowace mita ɗaya ta tsawon bangon. Ruwa mai zurfin mita 1 yana turi da rabin tan. Mai mita 2 yana turi da tan 2. Mai mita 3, tan 4.5. Mai mita 4, tan 8. Wato idan aka ninka zurfi sau biyu, turin ya ninku sau huɗu, ƙarfin da ke neman kifar da bangon kuwa ya ninku sau takwas. Saboda haka maganar da ake yi a bakin aiki ta "a ƙara layi biyu a sama don ya ɗebi ruwa da yawa" magana ce mai haɗarin gaske.

A nan ne birkilan da ya saba da gida da katanga yake yin kuskure. Katangar bulo inci tara mai tsayin mita 3, ko an cika ramukanta da kankare, nauyin mita ɗaya nata bai wuce tan ɗaya da rabi ba. Yaya tan ɗaya da rabi tsaye a kan siririn gindi zai tare turin tan huɗu da rabi? Bangon madatsa da nauyinsa yake tsayawa, don haka ake yin sa da fāɗi a ƙasa, siriri a sama, gindinsa ya kai wajen kashi huɗu cikin biyar na tsayinsa. Dalilin ƙarin fāɗin shi ne, ruwa yana kutsawa ta ƙarƙashin bango yana ɗaga shi sama, yana rage masa nauyi.

BUHU NAWA?

To, a ɗauki misalin ƙaramin rafi mai faɗin mita 20, ana son bango mai tsayin mita 3. A sa kaurin sama ya zama mita 0.6, gindi mita 2.4. A haɗa su a raba biyu, matsakaicin kauri ya zama mita 1.5. A ninka da tsayi 3, a ninka da tsawo 20, an sami kubik 90. Gaskiya ne tsayin bango yana raguwa idan an doshi gaɓa, amma abin da aka rage a nan zai tafi wajen fikafikan da dole a cusa cikin gaɓar hagu da dama don kada ruwa ya kewaye.

Wannan jikin bango ne kawai. Akwai ramin tushe da za a haƙa a ƙarƙashinsa don toshe hanyar ruwa, a ce zurfin mita 1, faɗin mita 1, tsawon mita 20, kubik 20 ke nan. Akwai daɓen da za a yi a bayan bango inda ruwa zai riƙa faɗowa don kada ya zaizaye gindin, a ce kubik 10. Jimla 120. A ƙara kashi ɗaya cikin goma na zubewa da ɓarna da ramin da ya fi awo, an tashi da kubik 132.

Kwaɓin da aka saba da shi don aiki mai ƙarfi shi ne ɗaya, biyu, huɗu: mudu ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Idan aka kwaɓa, yashi yana shiga tsakanin tsakuwa, siminti ya shiga tsakanin yashi, don haka sai an tara wajen kubik ɗaya da rabi na busassun kaya kafin a sami kubik ɗaya na kankare. Da wannan kwaɓi kowane kubik yana cin buhu 6 da ɗan ɗoriya na siminti mai kilo 50. Kubik 132 zai ci wajen buhu 830, wato tirela guda mai buhu 600 da fiye da sulusin wata. Ko da an sassauta kwaɓin zuwa ɗaya, uku, shida, wanda ke cin buhu 4 da kusan rabi, sai an nemi wajen buhu 580, kuma irin wannan kankare ruwa ya fi saurin ratsa shi.

Yashi zai kai wajen kubik 60, tsakuwa kusan kubik 120. Idan tifa tana ɗaukar kubik 5, sawu 12 ke nan na yashi da sawu 24 na tsakuwa. Ruwan kwaɓi, a kan lita 25 kowane buhu, ya haura lita 20,000, duro fiye da 100, kuma a tsakiyar rani, a garin da tun farko rashin ruwa ne ya kawo maganar. Ban da ruwan da za a riƙa yayyafa wa bangon safe da yamma na aƙalla mako guda, domin kankaren da ya bushe da wuri a zafin Afrilu tsagewa yake yi, kuma sai ya kwana 28 kafin a ce ya yi ƙarfin da ake lissafi da shi.

Batun kuɗi kuwa, kowa ya je kasuwa ya tambayi farashin ranar ya ninka. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a Nijeriya. A kan wannan farashi, siminti kaɗai ya tashi naira miliyan 8 da dubu 300, ba a yi maganar tsakuwa ba, ba a yi ta katako da ƙusa da rodi da hayar injin kwaɓi da abincin ma'aikata ba.

Masu cewa ai ƙarfi kyauta ne, su ma ga nasu lissafin. Kwanon leburori biyu ne ke cika buhun siminti ɗaya, wato kowane kwano yana cin wajen lita 17. Kubik 132 kwano 7,500 ne da ɗoriya, kowanne mai nauyin kusan kilo 40. Idan samari 30 ne, kowa zai ɗauki kwano 250 a kansa, bayan haƙa da kwaɓi. Abu ne mai yiwuwa, hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma a san da shi tun kafin a fara.

Akwai kuma inda madatsa ta sha bamban da ginin makaranta ko ɗakin karatu. Shi gini ana iya kai shi linta a bari sai an sami kuɗi, ko bayan shekara biyu a dawo a rufa. Madatsa ba ta jira. Kankaren da aka zuba wannan Asabar, aka dawo bayan mako uku aka ɗora wani, tsakaninsu akwai gaɓa da ruwa zai bi, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Simintin da aka ajiye wata da watanni yana jiran cikon kuɗi ƙarfinsa raguwa yake yi. Bangon da damina ta tarar rabi da rabi kuwa, ruwan farko zai tafi da shi. Duk wanda bai tara kuɗin aikin gaba ɗaya ba kafin ya sara ƙasa, bai shirya ba.

Akwai tsimi na halas: jefa manyan duwatsu masu tauri, wankakku, a cikin kankaren yayin zubawa, ba tare da sun taɓa juna ba, ko a gina bangon da dutse da kwaɓin siminti. Wannan yana rage buhuna sosai inda dutse ke kusa. Akwai kuma tsimin da yake ha'inci ne: ƙara baro na yashi a kan buhu, ko amfani da yashi mai laka, ko tsinka kwaɓi da ruwa don ya yi sauƙin zuba. Araha ba ta ado, balle a gaban ruwa.

TAMBAYA TA FARKO: A KAN ME BANGON ZAI ZAUNA?

Bangon da aka lissafa a sama nauyinsa ya kusa tan 11 a kowace mita. Irin wannan nauyi dutse yake so. Mafi yawan rafukan ƙasar Hausa kuwa yashi ne a kwance, wani wurin mita biyu, wani wurin fiye da haka, kafin a tarar da fā ko laka mai tauri. Bangon kankare a kan yashi ko dai ya nutse gefe guda ya tsage, ko ruwa ya bi ta ƙarƙashinsa. Da farko ɗan ɓulɓulowa za a gani a bayan bango, ruwan garau. Ranar da ya fara fitowa da launin ƙasa, to ya fara kwashe tushen ne, kuma daga nan zuwa rushewa wani lokaci sa'o'i ne kawai. Baƙar laka irin ta firgin Barno ita ma tana da nata sharrin, tana kumbura da damina ta dare da rani.

Kada wani ya zaci ingancin kankare zai rufe aibin tushe. Madatsar Malpasset a ƙasar Faransa ƙwararrun injiniyoyi ne suka gina ta da kankare, amma a watan Disamba 1959 dutsen da ke ƙarƙashin ɓangarenta na hagu ya goce, ruwan ya kashe mutum fiye da 400. Haka madatsar St. Francis kusa da birnin Los Anjalis na Amurka a 1928, ita ma kankare ce, ita ma tushe ne ya ci amanarta, ta halaka fiye da mutum 400. Shi ya sa da yawa daga manyan madatsun arewa, irin su Tiga da aka kammala a 1974, da ƙasa aka gina su, aka daddaɓe ta hawa-hawa da manyan injuna, aka sa laka a tsakiya. Masu aikin sun duba abin da wurin zai iya ɗauka ne.

Saboda haka kafin a sayi buhu ɗaya, a haƙa ramukan gwaji uku ko huɗu a kan layin da bangon zai bi, ko a kafa rodi a buga a ga inda zai tsaya. Idan an yi mita biyu ba a tarar da dutse ba, maganar bangon kankare ta ƙare a wannan wuri.

TAMBAYA TA BIYU: TA INA RUWAN AGUSTA ZAI WUCE?

Samari sukan auna rafi da rani, lokacin da yake kwance kamar tunkiya, alhali madatsa da ruwan dare ɗaya na Agusta ake auna ta. A ɗauka duk filin da ke zuba ruwansa cikin wannan rafi hekta 100 ne kacal, wato kilomita ɗaya tsawo, kilomita ɗaya faɗi. Idan aka yi ruwan milimita 50 cikin awa ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a damina, kubik 50,000 ya sauka. A ce rabi ya nutse, rabi ya gangaro: kubik 25,000 ke nan ya doso bangon, kusan kubik 7 a kowace daƙiƙa. Ƙofar da aka bari a saman bango mai faɗin mita 10 da zurfin rabin mita ba ta fitar da abin da ya wuce kubik 6 a daƙiƙa. Sauran zai hau ta sama, ko ya kewaye ta gaɓa ya yi wa kansa sabuwar hanya ta cikin gonar wani. Wannan fa hekta 100 ce. Rafuka da yawa daga nisan kilomita goma ko ashirin suke tattaro ruwansu, kuma suna tafe da itatuwa da shara da ke toshe ƙofa.

Tun a zamanin dā magina sun san wannan. Madatsar Ma'arib ta ƙasar Yaman, wadda labarin ambaliyarta ya zo a Suratu Saba'i, an yi mata mafitar ruwa ta sassaƙaƙƙen dutse a gefenta biyu, kuma ta yi fiye da shekara 1,000 tana aiki saboda ana ta gyara ta, kafin ta rushe rushewar ƙarshe a ƙarni na 6 Miladiyya. A kusa kuma, madatsar Bagauda ta jihar Kano ta ɓalle a watan Agusta 1988 bayan ruwan sama mai yawa, ta ci gidaje da gonaki da rayuka. Madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta yi wa Maiduguri ambaliya a 1994, ta sake yi a ranar 10 ga Satumba 2024, ruwa ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Litinin da asibitin koyarwa, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Waɗannan ayyukan hukuma ne, da injiniyoyi da taswira da kasafin kuɗi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

TAMBAYA TA UKU: RUWA NAWA ZAI RAGE A WATAN AFRILU?

A ce tushe ya yi, mafita ta yi. Shin ribar ta kai wahalar? Gurbin ruwa a bayan madatsa kamar mazurari yake, fāɗi a sama, tsuke a ƙasa. Masana suna ƙiyasta cikinsa ta hanyar ninka tsawon bango da zurfin ruwa da nisan da ruwan zai koma baya, sa'annan a raba shida. Bango mita 20, zurfin ruwa mita 2.5 tunda an bar rabin mita don ƙofa, komawa baya mita 180: kubik 1,500, wato lita miliyan ɗaya da rabi. A baki abin yana da daɗin ji.

To amma rana da iskar hunturu suna da nasu kason. A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar buɗaɗɗen ruwa yana rasa wajen mita 2 na zurfinsa a shekara ta hanyar tururi, kuma daga Oktoba zuwa Mayu kaɗai abin yakan kusa mita ɗaya da rabi. Tunda mafi yawan ruwan a sama yake inda gurbin ya fi fāɗi, idan mita ɗaya da rabi ta tafi daga cikin biyu da rabi, abin da zai rage bai kai kubik 100 ba daga cikin 1,500, ko da ba wanda ya ɗebi guga ɗaya, kuma ba a lissafa wanda ƙasa za ta tsotse ba. Noman rani kuwa, hekta ɗaya ta tumatir ko albasa tana shan abin da ba ya gaza kubik 5,000 daga dashe zuwa girbi. Ashe tafkin da aka kashe wa buhu 830, ko a cike yake, ba zai shayar da sulusin hekta ba. Shanu 100 masu shan lita 30 kowace a rana za su sha kubik 3 kullum, wannan kam zai iya ɗaukarsu 'yan watanni, amma sai a tambaya ko babu hanya mafi sauƙi ta shayar da shanu 100.

Sa'annan ga yashi da laka. Ruwan da ke gangarowa daga gonakin da ba ciyawa ja-wur yake zuwa, yana isa bayan bango sai ya sauke kayansa. Ƙaramin gurbi irin wannan yana iya cikewa cikin 'yan damuna kaɗan.

TAMBAYA TA HUƊU: SU WA KE GANGARE?

Wannan ita ce mafi nauyi. Duk mai datse ruwa ya rataya wani abu a saman kan mutanen da ba su sa hannu a shawararsa ba. A ranar 9 ga Mayu 2018, a Solai ta yankin Nakuru a ƙasar Kenya, wata madatsa da aka gina a cikin gonar masu zaman kansu ta fashe da dare, ta share ƙauyukan da ke ƙasanta, ta kashe mutum fiye da 40, da yawansu yara. Kubik 1,500 tan 1,500 ne. Idan ya taho lokaci guda da tsakar dare, ginin ƙasa ba ya tsaya masa. Ranar da haka ta faru ba zai wadatar ba a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, domin an sami damar yin lissafi aka ƙi. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan lamunin wanda aikinsa ya jawo wa wani asarar rai ko dukiya, haka kuma a kan haƙƙin na ƙasa a ruwan da ya biyo ta wurin na sama.

Ko bangon bai faɗi ba, akwai mai lambu a gangare da ruwan ya daina isa wurinsa, akwai makiyayin da mashayarsa ta ƙafe, akwai wanda ruwan zai kwanta a gonarsa a baya. Mutanen fadamun Haɗeja da Nguru sun ga yadda ambaliyar da suke noma da kamun kifi da ita ta ragu bayan an gina Tiga da Challawa, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Rikicin Bakolori na 1980, da aka rasa rayukan manoma, a kan gonaki da diyya ya taso. Ƙaramar madatsa ƙaramin rikici take haifarwa, amma tsakanin ƙauye biyu maƙwabta ba a raina shi. A ƙara da sauro, da cutar tsargiya da yara ke ɗauka a ruwa kwantacce, da haɗarin nutsewar ƙananan yara. A ɓangaren hukuma kuma, Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta sa ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya a hannun gwamnatin tarayya, tare shi ko karkatar da shi sai da izini.

TO, SAI A NAƊE HANNU?

Wani zai ce, an shekara da shekaru ana jiran hukuma ba ta zo ba, yanzu kuma ana so a kashe wa samari gwiwa. Amsa ita ce, ƙishirwar gaskiya ce, ƙarfin samari ma gaskiya ne, abin da ake so shi ne a zuba ƙarfin inda zai haifar da ruwa.

Inda rafi ke da yashi mai kauri kuma akwai dutse kusa, mutanen Machakos da Kitui a Kenya sun daɗe suna gina madatsar yashi. Gajeren bango ake ɗorawa a kan dutsen, ana ƙara masa tsayi kaɗan-kaɗan damina bayan damina, yashi ya taru a bayansa. Ruwan a cikin yashin yake ɓuya, yana cika wajen rubu'i zuwa sulusin cikinsa, rana ba ta kai masa sosai idan ya yi ƙasa, sauro ba ya samun wurin ƙwai, yaro ba ya nutsewa, ambaliya kuma ta samansa take wucewa. Ana haƙa rijiya a gefe a ɗiba. Matan da ke tona yashi da ƙoƙo tun tuni sun san inda ruwan yake, wannan dabara tana ƙara masa yawa ne kawai.

Inda kwari ke cin gonaki, jera duwatsu a cikin ragar waya mataki-mataki yana rage gudun ruwa ya sa ya nutse, rijiyoyin kusa su ɗago. An yi irin wannan a aikin Keita na jihar Tawa a Nijar wanda aka fara a 1984, kuma manoman Illela da na Yatenga a Burkina Faso sun farfaɗo da fako da ramukan tassa da layukan duwatsu, ba da buhun siminti ba. Yashe kududdufi a ƙara masa zurfi ya fi faɗaɗa shi, domin zurfi ne ke tsira daga rana, kuma ruwan da ke cikin rami ba ya faɗo wa kowa a ka. A fadama kuwa, rijiyar burtsatse gajera da ƙaramin injin ban-ruwa, irin waɗanda shirin Fadama ya yaɗa tun farkon shekarun 1990, kuɗin siminti buhu 830 zai samar da su da dama.

Idan kuma bayan duk wannan an ga lallai wurin ya dace da madatsa, to a nemi masu ilmin abin. Akwai hukumomin raya kogunan da aka kafa tun shekarun 1970, irin su Haɗeja-Jama'are a Kano, Sakkwato-Rima a Sakkwato, da ta Tafkin Cadi a Maiduguri. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna, akwai sashen injiniyancin ruwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai injiniyoyi masu rajista da COREN, kuma a cikin 'yan'uwa ma ba a rasa waɗanda suka karanci fannin. Kuɗin motar da za a kawo ɗayansu ya taka wurin bai kai kuɗin buhu goma ba.

Shawara ga duk wata ƙungiyar samari da ke da wannan buri ita ce, kada a buɗe asusu sai an rubuta amsoshi a takarda: zurfin da aka tarar da dutse, faɗin filin da ke zubo ruwa da alamar inda ambaliya mafi girma ta taɓa kaiwa kamar yadda dattawan gari suka shaida, ruwan da zai rage a Afrilu, sunayen unguwanni da gonakin da ke gangare tare da yardar masu su, sa'annan adadin buhu da tifa da duro. A karanta wa jama'a a fili, a gaban mai gari. Duk bangon da zai tare ruwan da ya wuce ƙirjin mutum, kada a sara masa ƙasa sai injiniya ya sa hannu. Kuɗin da tsohuwa ta kwance daga bakin zanenta ta bayar amana ne, haka ma barcin yaran da ke kwance a gangare. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah Ya ba samari basira a kan ƙarfinsu, Ya wadata ƙasa da ruwa mai albarka.